Gobarar da Ake Binnewa a Bango: Ƙa'idar Aikin Wayarin da Amanar da ke Wuyan Masu Sana'ar

Magini ya gama, kafinta ya buga kwano, kuɗin mai gida sun kusa ƙarewa. A daidai wannan gaɓa ce ake kiran mai aikin wayarin. Zai zo ya zagaya ɗakuna, ya ƙirga soket da makunni da ƙwan fitila, ya rubuta jerin kaya a takarda. Mai gida ya dubi jimla, ya girgiza kai, ya ce: "Haba Malam, wannan ai ya yi yawa, a duba a rage mana." Daga nan sai a shiga ragi. Waya mai kauri ta koma siririya. Mai inganci ta koma ta araha. A soke wayar atin gaba ɗaya, tunda ko babu ita fitila za ta kama. A haɗa ɗakuna uku a kan bireka ɗaya. Kowa ya tashi yana ganin ya yi dabara.

Bayan mako biyu sai mai filasta ya zo ya shafe komai, mai fenti ya biyo baya. Daga ranar babu idon da zai sake ganin abin da aka kwantar a cikin bangon nan. Iyali su tare, a haifi yara, a ƙaro firji da dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki. Wata rana cikin dare, bayan shekara biyar ko bakwai, a kawo wuta, silin ya fara hayaƙi. Da safe unguwa ta cika da jaje, ana cewa wutar lantarki ce ta jawo. Gaskiya ne, amma an kunna gobarar ne tun ranar da aka yi wancan ciniki.

Ranar 26 ga Maris 2016 Kano ta wayi gari da gobarar Kasuwar Sabon Gari, wadda ta laƙume dubban shaguna, ta mayar da masu jari abin tausayi a dare ɗaya. Kantin Kwari da Kasuwar Singa su ma sun sha ganin irin wannan baƙar rana. Duk sa'ad da haka ta faru, bakin jama'a yakan tafi ne ga wutar lantarki, domin kowa ya san yadda wayoyi suke a saƙe kamar yanar gizo-gizo a saman rumfunan kasuwanninmu. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne: wa ya ja wayar, da wace ƙa'ida, kuma wa ya duba aikin kafin a saki wuta a kansa?

Doka tana nan

Mutane da yawa suna zaton aikin wayarin ba shi da wata doka a Najeriya, kowa da irin tasa fasahar. Ba haka ba ne. Wutar lantarki ta shigo ƙasar nan tun 1896 a Legas, kuma tsarin da muka gada na Ingila ne, ƙasar da take da rubutattun ƙa'idojin jan waya a gini tun 1882. Kundin nan shi ne ake kira BS 7671 a yau, kuma bugu na 18 ya fito a 2018. Shi ya sa soket ɗinmu yake da baki uku mai ɗaukar amfiya 13, wutar gidajenmu kuma take kan bolt 230. Maƙwabtanmu na Nijar sun bi tsarin Faransa, don haka wanda ya je Maraɗi ko Damagaram zai tarar da soket mai zagayayyen baki.

A 2015 hukumar NERC, mai sa ido a kan harkar lantarki, ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da girka kayanta, waɗanda aka sani da NESIS. A shekarar ce kuma doka ta kafa hukumar NEMSA, wadda aka ɗora wa duba aikin lantarki, gwada shi, ba shi takardar shaida, da kuma tantance 'yan kwangilar da suka cancanci yin sa. Shugaban hukumar shi ne Babban Sufeton Lantarki na Tarayya. Ingancin waya da sauran kaya kuwa yana hannun hukumar SON, mai shirin MANCAP na kayan da aka ƙera a gida da SONCAP na waɗanda ake shigowa da su. Su kansu 'yan kwangila masu lasisi suna da ƙungiyarsu, LECAN. Dokar Lantarki ta 2023 ta zo ta ƙara buɗe wa jihohi ƙofar kafa nasu hukumomin kula da harkar.

Ke nan ba rashin doka ne ciwonmu ba. Ciwon shi ne dokar tana tsayawa a manyan ayyuka, masana'antu da rukunin gidaje da taransifoma, ba ta cika isa gidan talaka da shagon ɗan kasuwa ba. A can, yaron da ya yi shekara ɗaya yana riƙe wa maigidansa tsani shi ne injiniya, shi ne sufeto, shi ne mai ba da shaida.

Kaurin waya da zafin ƙasarmu

Tushen aikin duka yana kan abu ɗaya: duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana ɗaukar zafi. In aka ninka ƙarfin wutar da ke bi sau biyu, zafin yana ninkuwa sau huɗu. Wannan ne ya sa ƙa'ida ta raba wa kowane aiki kaurin wayarsa. A gidan zama, an saba ba fitilu waya mai milimita 1.5, soket milimita 2.5, manyan kaya irin su murhun lantarki da tukunyar dafa ruwan wanka da babbar na'urar sanyaya ɗaki kuwa milimita 4 ko 6, kowanne da layinsa daban tun daga akwatin rarraba wuta.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman a Arewa, wanda masu sana'a da yawa ba sa sa shi a lissafi. Robar da ke lulluɓe da wayar gida an yi ta ne ta jure zafin da bai wuce digiri 70 ba, kuma jadawalin da ke faɗin nauyin da kowace waya za ta ɗauka an gina shi ne a kan yanayi mai digiri 30. A watan Afrilu, zafin Sakkwato da Maiduguri da Kano yana haura 40 a inuwa, ballantana tsakanin kwano da silin inda ake shimfiɗa wayoyi. Ƙa'ida ta ce a digiri 40 a rage nauyin zuwa kashi 87 cikin 100, a digiri 45 kuma zuwa kashi 79. Wayar milimita 2.5 da ke cikin faif, wadda a jadawali take ɗaukar amfiya 24, a zafin digiri 45 ba ta wuce 19. In aka cusa layuka da yawa a faif ɗaya, sai adadin ya ƙara sauka. Mai wayarin da bai san wannan ba zai iya sayen waya mai kyau kuma ya yi aiki mai haɗari.

Sai kuma matsalar jabu. A kasuwa akwai wayar da aka rubuta mata 2.5 a kwali amma kaurinta bai kai ba. Akwai wadda cikinta alminiyam ne, aka shafa mata jan ƙarfe a sama don ta yaudari ido. Alminiyam bai wuce kusan kashi 61 cikin 100 na ƙarfin jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, ga saurin karyewa, ga sakin jiki a wurin ɗauri. Gwajinta ba shi da wuya: a kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki an gane. Ƙwararre yakan duba tambarin NIS da sunan kamfani a jikin robar, ya auna kauri, ya ji nauyin nadin a hannu. Najeriya tana da masana'antun waya da suka yi suna, irin su Coleman da Cutix ta Nnewi da Nocaco ta Kaduna, amma sunan da ya yi fice shi ake yi wa jabu, don haka inda aka sayi kaya da rasidinsa suna da muhimmanci. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a nan kuwa araha har kisa take yi.

Wurin haɗi ma tarko ne. Wayar da aka murɗe da hannu aka naɗe da baƙin salatif aka jefa cikin silin, da kusar soket da ba a ɗaure sosai ba, su ne wuraren da zafi ke taruwa. A hankali roba ta narke, tartsatsi ya tashi, ya tarar da busasshen katako da ƙurar hunturu. Ƙa'ida ta ce kowane haɗi a yi shi a cikin akwati, da maɗauri na gaske, a wurin da hannu zai iya kaiwa in ana son dubawa. Ta kuma ce wayar da aka binne a bango ta tafi a miƙe daga soket ko makunni, sama ko gefe, don kada wata rana mai kafa ƙusa ya huda ta.

Masu gadi uku

Aikin da aka yi bisa ƙa'ida yana da masu gadi uku, kowanne da abin da yake tsarewa.

Na farko shi ne fis ko bireka. Aikinsa kare waya: in nauyi ya fi ƙarfinta, ya katse wuta kafin ta yi zafi. Saboda haka girman bireka yana bin kaurin waya ne, ba son ran mai gida ba. Babban laifin da ake yi shi ne in bireka ta dame mu da faɗuwa sai a cire ta a sa babba, ko kuma fis ɗin katawut ya tsinke a ɗaura masa waya mai kauri. Birekar da ke faɗuwa ƙara take kaiwa cewa akwai matsala. Wanda ya toshe mata baki ya mayar da wayar gidan duka ta zama fis, kuma ita ba ta tsinkewa sai ta kama da wuta. Haka lamarin yake ga akwatin ƙarin soket da ake jona wa hita da dutsen guga da butar lantarki lokaci guda. Soket mai amfiya 13 iyakarsa wat 3,000 ne ko ƙasa da haka kaɗan, kuma biyu daga cikin waɗannan kaya sun isa su kai shi maƙura.

Na biyu shi ne atin, wato wayar da ke haɗa jikin ƙarfen kayan wuta da ƙasa. In waya mai rai ta taɓa jikin firji ko injin wanki, atin ne zai ba wutar gajeriyar hanya, na'urar kariya ta katse. In babu shi, firjin zai zauna da wuta a jikinsa yana jiran hannun da zai taɓa. A gidaje da yawa baki na uku na soket ado ne kawai, babu abin da aka jona masa. Inda aka yi atin ɗin ma, sau da yawa guntun rodi ne aka soka a yashi. Ƙasarmu ta Arewa busasshiya ce a mafi yawan shekara, kuma busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta da sauƙi. Gawayi da gishirin da ake zubawa a rami suna taimakawa na ɗan lokaci, amma gishiri yana cin ƙarfe, damina kuma tana wanke shi. Hanya ɗaya ta sanin ko atin yana aiki ita ce a auna shi da na'ura, kuma a auna da rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Kundin Ingila ya yi gargaɗi cewa sandar atin da awonta ya haura om 200 ba abin dogaro ba ce.

Na uku shi ne wanda ya fi ƙaranci a gidajenmu, kuma shi ne mai ceton rai kai tsaye: na'urar da ke katse wuta in ta zurara, wadda masu sana'a ke kira RCD ko ELCB. Jikin ɗan Adam yana jin wuta tun daga miliamfiya 1. A wajen miliamfiya 10 hannu yakan ƙanƙame, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 30 zuwa sama bugun zuciya yana iya rikicewa. Bireka mai amfiya 20 ba ta ma san da wucewar irin wannan ƴar wuta ba, mutum zai mutu tana tsaye. Ita kuwa na'urar mai miliamfiya 30 tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ta ga giɓi sai ta katse cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Duk uwar da ke jefa hita a bokiti da sanyin asuba, duk yaron da ke kunna injin rijiyar burtsatse da jiƙaƙƙen hannu, wannan na'ura ce tsakaninsu da kabari. Tana da ɗan maɓalli na gwaji a jikinta, wanda ake so a danna duk bayan wata shida.

Janareto, sola da sabon haɗari

Ƙarancin wuta ya sa gida ɗaya yana da hanyoyi biyu ko uku: ta gwamnati, ta janareto, ta sola. Wannan ya ƙara wa mai wayarin nauyi. Dole ne a sa canjoba ta gaske, wadda ba za ta taɓa barin hanyoyi biyu su haɗu ba. Wanda ya jona janareto kai tsaye a soket bai raba gidansa da layin waje ba, wutarsa za ta koma falwaya. Taransifoma kuma tana aiki ta kowace fuska: bolt 230 da ya shige ta ta baya yana iya fita a matsayin 11,000, ya tarar da ma'aikacin da ya hau gyara yana da yaƙinin an kashe layin.

A gidajen da ke da fes uku, akwai bolt 400 tsakanin fes da fes. In wayar nutural ta saki ko ta tsinke, wani ɓangaren gidan zai samu wutar da ta fi ƙima, kaya su ƙone, wani lokaci gidan ya bi su. Al'adar zare fis da hannu ana sauya fes duk sa'ad da wuta ta yi rauni tana sassauta wuraren ɗauri, tana kuma jefa mai yi cikin haɗari.

Sola ta zo da nata. Wutar faranti da ta batir ba irin ta gwamnati ba ce, miƙaƙƙiya ce, in ta yi tartsatsi ba ta mutuwa da kanta da sauƙi. Tana buƙatar bireka da fis da aka yi dominta, da waya mai jure rana. Faranti yana ba da wuta muddin akwai haske, ko an kashe komai a cikin gida. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta yayin caji, don haka ba a kulle shi a ɗakin da iska ba ta shiga. Yau kusan kowane lungu yana da mai haɗa sola, kuma kaɗan ne suka zauna suka koyi wannan bambanci.

Haɗarin bai tsaya a cikin gida ba. Ranar 20 ga Afrilu 2017, babbar wayar lantarki ta faɗo a kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba, ana tsakiyar wasan Manchester United da Anderlecht, aƙalla mutum 7 suka rasu. Ƙa'ida ta ware filin da ba a gini a ƙarƙashin manyan layuka: mita 5.5 ta kowane gefe ga layin bolt 11,000 da 33,000, mita 15 ga na 132,000, mita 25 ga na 330,000. Ɗan kwangilar da ya yarda ya ja wuta a ginin da ke cikin wannan fili ya sa hannu a abin da zai biyo baya.

Kamawar fitila ba shaida ba ce

A wurinmu, gwajin aiki shi ne a danna makunni. In ƙwai ya kama, a ce madalla, a biya kuɗi. Amma fitila tana kamawa ko babu atin, ko an juya layif da nutural, ko roba ta ƙuje a cikin faif. Ƙa'ida ta tanadi gwaje-gwajen da ake yi tun kafin a saki wuta: a tabbatar wayar atin ta isa kowane soket ba yankewa, a auna lafiyar robar wayoyi da na'ura mai tura bolt 500, awon kada ya gaza megom 1, a tabbatar makunni yana katse waya mai rai ne, ba nutural ba, a auna sandar atin, bayan an saki wuta kuma a gwada saurin na'urar katse zurara. Sannan a rubuta sakamakon, a sa hannu, a liƙa wa kowace bireka sunan ɗakin da take kula da shi, a bar wa mai gida zanen inda wayoyi suka bi.

Wannan takarda kariya ce ga ɗan kwangila kansa. Ranar da wani ya zo daga baya ya yi ƙari na ganganci, ita ce za ta wanke shi. Launin waya ma yana buƙatar a rubuta shi, domin tsohon tsari na ja da baƙi da kore yana nan a kasuwa tare da sabon tsari na ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya, kuma gida ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun.

Shi ma mai aikin ransa yana kan layi. Dokar farko ita ce a kashe wuta, a kulle akwatin ko a riƙe fis ɗin a aljihu, sannan a gwada a tabbatar layin ya mutu kafin a taɓa. A ƙasar da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sanarwa, kuma inbata ke iya tashi da kanta, "ai babu wuta" ba hujja ba ce. Ƴar testa mai ƙwai a gindi ba ta isa a jingina rai a kanta ba. Maigidan da ya tura yaronsa saman silin ba takalmin roba, ba kayan aiki masu rufi a mariƙi, zai amsa tambaya a kan yaron nan.

Abin da ya rage

Ghana ta nuna cewa abin yana yiwuwa. Tun dokar wayarin ta 2011, Hukumar Makamashi ta ƙasar ce ke yi wa masu sana'ar jarrabawa ta ba su shaida, kuma kamfanin rarraba wuta ba ya jona sabon gini sai da takardar mai wayarin da aka tantance. Ɗan Zango a Kumasi ko Tamale da ke son mita ya san da wannan sharaɗi. Mita ita ce ƙofar da kowane gini ke bi, don haka a nan ne ya fi dacewa a tsaya a tambayi takardar gwaji. Kamfanoni irin su KEDCO, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, tare da NEMSA da gwamnatocin jihohi, suna da ikon mayar da wannan abin yau da kullum.

Dubban matasan da suka koyi sana'ar a hannun iyayen gidansu ba abin kora ba ne. Hannunsu ya iya aiki, abin da ya rage musu shi ne lissafi da gwaji. A kawo musu horo da Hausa, a sauƙaƙa musu hanyar jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago da shaidar NEMSA, ƙungiyoyinsu su haɗa kuɗi su sayi na'urorin awo da za a riƙa karɓa aro. Shugabannin kasuwanni su sa a riƙa duba wayarin rumfuna kafin shigowar hunturu, a kuma tabbatar kowane layi yana da babban makunni da ake kashewa in an tashi.

Ga mai gida, kira ɗaya ne: in kuɗi sun gaza, a jinkirta tayil da fenti da adon silin, waɗannan ana iya yin su baɗi. Wayar da aka binne ba ta canzuwa sai an fasa bango. Ka tambayi mai aikinka shaidarsa, ka bi shi kasuwa, ka ce sai an sa atin da na'urar katse zurara, kada ka biya cikon kuɗi sai ka ga takardar gwaji.

Ga ɗan'uwa mai sana'a kuwa, ka tuna cewa mai gida bai san bambancin 1.5 da 2.5 ba, kai ka sani. Yaran da za su kwana a ɗakin nan ba su halarci cinikin ba. In an matsa maka ka yi aikin da ka san zai ci rai, ka naɗe takardarka ka tafi; da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ka binne a bango amana ce, kuma ko ido bai gani ba, Allah yana gani.